Karatun gini da ƙafa a tsohuwar Alƙahira

Ɗalibin zanen gine-gine a takarda yake fara sanin gini, a takarda kuwa kowane gini shi kaɗai yake tsaye, ba maƙwabci, ba rana, ba mai tura amalanke yana neman hanya. Shi ya sa malaminmu na tarihin gini a Masar ya kafa mana sharaɗi kafin jarrabawa: kowa ya taka Titin Mu'izz da ƙafarsa daga ƙofar Bab al-Futuh zuwa Bab Zuwaila, kuma kada ya ɗauki hoton komai sai ya fara zana shi da hannu.

Titin bai fi kilomita ɗaya da ɗoriya ba. Mai sauri zai gama shi kafin shayinsa ya huce, amma mai littafin zane wuni guda ma ba ya isarsa. Shi ne ƙashin bayan birnin Alƙahira da kwamandan yaƙi Jauhar ya kafa wa daular Faɗimiyawa a shekarar 969, kuma ƙofofin dutsen da ke bakinsa biyu waziri Badr al-Jamali ne ya gina su, ta arewa a 1087, ta kudu a 1092. Da sassafe na shiga ta arewa, lokacin masu shago ba su gama yayyafa ruwa a ƙofar shagunansu ba.

Wurin da ya fi riƙe ni shi ne wani ɗan ƙaramin masallaci, al-Aƙmar, na shekarar 1125, wanda mai gaggawa zai wuce bai ɗaga kai ba. Matsalar da magininsa ya tarar ita ce titi ya miƙe ta wata fuska, alƙibla kuma ta karkata ta wata. In ya bi alƙibla, fuskar masallacin za ta gicciya ta ɓata layin titi. In ya bi titi, sahu ya karkace. Sai ya ba kowa haƙƙinsa: fuskar waje ta bi titi daidai, cikin ya juya ya dubi alƙibla, bambancin da ke tsakani kuma ya ɓoye shi a kaurin bango, gefe guda siriri, ɗaya gefen mai kaurin da har ƙananan ɗakuna suka samu wuri a cikinsa. Mun haddace wannan a aji, mun zana shi da ma'auni. Abin da zane bai gaya mana ba shi ne yadda mutum ke shiga ya juya jikinsa ba tare da ya san ya juya ba. Na fita na sake shiga ina kallon ƙafafuna kafin na gane inda karkatar take. Mai gadin wurin, wani dattijo, ya ga ina kai da komowa har ya tambaye ni ko wani abu na yar. Maginan zamanin sarakunan Mamluk da suka biyo baya sun ɗauki wannan dabara sun yi ta amfani da ita a tsawon titin, shi ya sa za ka ga taga ɗaya ta yi zurfi cikin bango, ta kusa da ita kuma ba ta kai ta ba.

Kaɗan daga nan hanya ta rabu biyu, kuma a tsakiyar rabuwar akwai sabil na Abdurrahman Katkhuda, na 1744: ƙasa wurin shan ruwa ne kyauta ga masu wucewa, sama makarantar allo. Mai zuwa daga arewa ta bayansa yake fitowa, ba ya ganin wani abin a-zo-a-gani. Sai ya wuce ya waiwayo zai ga ginin ya tsaya ƙyam a gabansa, fuskoki uku a buɗe, an dasa shi daidai inda idon mai tahowa daga kudu zai sauka tun daga nesa. A nan na gane titi ɗaya karatu biyu gare shi, na tafiya da na dawowa, kuma wanda ya bi shi ta fuska ɗaya rabinsa ya gani.

Sai filin da ake kira Bain al-Ƙasrain, inda manyan fadoji biyu na Faɗimiyawa suka taɓa fuskantar juna. Fadojin sun tafi, sarakunan Mamluk sun cike gurbin da gine-ginensu kafaɗa da kafaɗa: Barƙuƙ, Nasir Muhammad, da Ƙalawun wanda ya haɗa asibiti da makaranta da hubbarensa a wuri guda tsakanin 1284 da 1285. A nan masu yawon buɗe ido suka fi cincirindo, kuma sun yi gaskiya, wurin ya isa. Ni dai hankalina ya fi tafiya ga yadda ginin Ƙalawun ya turo ƙirji cikin titi don kada a wuce shi ba a gan shi ba. Sarakuna ta wannan hanya suke ratsa gari da ayarinsu, kowa kuwa yana son nasa ya fi ɗaukar ido.

Da rana ta take, darasin ya koma na inuwa. Mun sha lissafin kusurwar rana a aji, amma sai tafin ƙafa ya yi zafi mutum yake sanin amfanin ƙuncin titi da tsayin bango da tagogin katako masu huda-huda da suka leƙo daga benaye. Ba wanda ya ce da jama'a su koma gefe guda, amma duk sun tattara a ɓangaren da inuwa ta faɗi, har masu talla sun ja kayansu can. Na zauna a wani shagon shayi na zana layin inuwar a ƙasa, kafin in gama kofi ta matsa.

Daga nan sai Titin Azhar, hanyar mota da aka yanka ta tsakiyar tsohon gari a ƙarni na 20, ya raba tafiyar gida biyu. Hayaniya da hayaƙi, sai ka tsallaka. A ɗaya gefen gine-ginen Sarki al-Guri biyu ne suke kallon juna, masallaci a wannan hannu, hubbare a wancan, an yi rufin katako a tsakaninsu. Mai hubbaren bai kwanta a cikinsa ba: ya mutu a yaƙin Marj Dabiƙ a 1516, ba a kuma ga gawarsa ba.

A ganina wannan rabin na kudu ya fi koyarwa, ko da yake ba shi ne ake bugawa a katunan hoto ba. Rabin arewa an gyara shi, an shimfiɗa dutse, an sa fitilu, ya yi tsaf. Na kudu kasuwar tufafi ce, kafaɗa na gogar kafaɗa, an rataye riguna a jikin bangon da ya shekara ɗari biyar. Wasu abokan karatuna wannan ya ɓata musu rai. Amma waɗannan gine-gine tun asali cikin ciniki aka yi su, da kuɗin hayar shagunan waƙafi ake biyan limami da mai shara da man fitila, don haka ɗan kasuwan da ya jingina da bango bai zo baƙunta ba.

A Bab Zuwaila, inda aka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517, ana iya hawa hasumiyoyin masallacin Mu'ayyad da aka ɗora a kan ƙofar. Gwiwa ta riga ta gaji, amma na hau, na hango titin da na biyo ya zama ɗan siririn tsagi tsakanin rufin gidaje.

Darasin da ya fi shiga aikina yana wajen ƙofar, a masallacin Salih Tala'i na 1160. An gina shi a sama, shaguna a ƙarƙashinsa suna kallon titi. Yau sai ka leƙa ƙasa cikin rami kafin ka ga ƙofofin shagunan, domin ƙasar gari ta yi ta tashi da ɓaraguzai da shara da sabon daɓe a kan tsoho har ta kusa binne su. A zanenmu mukan ja layi ɗaya mu rubuta sifili a kansa, mu ce nan ne ƙasa, kamar ba za ta taɓa motsi ba. Yanzu duk filin da aka ba ni, nakan je in auna dokin ƙofar tsofaffin gidajen da ke kewaye in ga nawa titi ya hau kansu, in bi hanyar ta fuska biyu, sannan in yanke tsayin da zan ɗaga daɓen ƙasa.