Mitin ɗin yau

Yau a mitin oga ya rufe kwamfutarsa ya ce ba lissafi, labari zai ba mu. Wai wata kwastoma ce kayanta suka maƙale, ta yi ta kira, wannan ya tura ta gun wancan, ƙarshe ta ce "ni dai a samu mutum ɗaya ya saurare ni" ta kashe waya. Wallahi har mai danne-dannen waya a ƙarƙashin tebur sai da ya ɗago kai. Kullum fa ana nuna mana ƙorafi kashi kaza cikin ɗari, bai taɓa shiga raina ba kamar yau, jikina ya yi sanyi sosai.

Har yanzu ina ta tunanin mutum nawa ne irinta suka haƙura suka daina kiranmu.