Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rufin da Aka Yanke

Na san na yi alkawarin kawo labarin fitata daga gidan Baffa a wannan makon. A yi mini haƙuri, zai jira. Tun da na ambaci Kawu a kashin da ya wuce, maganarsa guda ta tsaya mini a maƙoshi, in ban sauke ta ba hannuna ba zai rubuta wani abu ba. Cewa ya yi, "Abin da ka cire a sama, a ƙasa za ka biya shi." A kan mota ya faɗe ta, ni ma a kan mota nake nufinta, kada wani ya zaci wa'azi zan yi.

Lokacin ina yaron gareji a hannunsa, aikina miƙo sifana da riƙe ƙarfe idan yana walda. Sai ga mijin Gwaggo da motarsa mai ƙofa biyu, ya maƙalo wata mujalla a hammata. Ya buɗe ya nuna wa Kawu ƙananan motocin gudun nan masu kujera biyu da buɗaɗɗen kai, ya ce haka yake so tasa ta koma. A yanke rufin, mota ta rage nauyi, ta ƙara gudu, ta rage shan mai. Shi a ganinsa lissafi ya ƙare.

Kawu ya aike ni na ɗauko kwalin da aka kawo fitilar mota a ciki. Ya rufe shi ruf, ya miƙa masa ya ce, "Alhaji, murɗa mu gani." Ya murɗa, kwali ya ƙi. Kawu ya karɓa ya yage murfin ya mayar masa. Wannan karon da yatsu biyu ma kwalin ya karkace. A nan ne ya faɗi maganar. Mijin Gwaggo ya jefar da kwalin ya ce, "Kai mai walda, aiki na kawo maka, ba karatu ba." Mai walda. Mutumin da ya girme shi nesa ba kusa ba.

Ya kai ta wani wuri aka yanke masa. Ba a daɗe ba ya dawo. Ƙofa ta daina rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa, gilashin gaba ya tsage daga kusurwa, madubi da sitiyari sai rawa suke da zarar taya ta taka gargada. Da muka sa jak a gefe guda, sai tsakanin ƙofa da bodi ya buɗe har yatsana yana shiga. Ya zo da yankakken rufin a bayan akori-kura, wai ko za a iya mayarwa. Ni kaɗai na sauke shi, ina yaro. Amma ƙarfen da Kawu ya sa a ƙasa, sai da mu biyu muka riƙa kamawa: ya farke dokin ƙofa na kowane gefe ya zura bututu mai kauri, ya gitta wani a bayan kujeru, ya yi gicciye a ƙarƙashin daɓen motar, ya ƙara faranti a ginshiƙan gilashin gaba. Ƙofofi suka koma rufuwa da ɗan turi kaɗan. Mota kuma ta fi yadda ta fito daga kamfani nauyi, ta kuma rage kuzari.

Abin da mijin Gwaggo ya yaɗa a dangi shi ne Kawu ya loda wa motarsa tarkacen ƙarfe ya kashe ta. Ragowar kuɗin aikin bai biya ba. Har Kawu ya koma ga Allah akwai masu kallonsa da wannan, kuma bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Ni ba ni da irin haƙurinsa.

Shekarun da suka biyo baya na yi su a wasu ayyuka, babu abin faɗa a cikinsu. Sai da na dawo kan gyaran bodi, na fara karanta littattafan da kamfanoni ke fitarwa a kan motocinsu, na ga abin da Kawu ya yi da ido da hannu shi ne injiniyoyi ke yi da lissafi. Fallen rufin mota kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, nauyinsa kaɗan ne, amma shi ke ɗaure bodin ya hana shi murɗewa. Shi ya sa kusan duk motar da aka ƙera da rufi sannan aka fitar da mai buɗaɗɗen kai daga jikinta, mai buɗaɗɗen ce ke fin nauyi, wani lokacin da fiye da kilo 100. A ƙasa ake biya.

Masu wayo tun farko suke zana motar ba rufi, sai biyan ya zo da sauƙi. Colin Chapman, Baturen Ingila da ya kafa kamfanin motoci na Lotus, ya fitar da Elan a 1962, nauyinta bai kai kilo 700 ba. Ƙashin baya guda na ƙarfe ya bi tsakiyar motar tsakanin kujeru biyu, shi ke ɗaukar duk murɗiya, sai aka kifa bodin faiba a kansa. A 1996 kamfanin ya fitar da Elise mai kusan kilo 725. Shasinta na alminiyum ne, kilo 68 kacal, kuma manna shi aka yi da gam, ba walda ba. Ranar da na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai, ina tunanin fuskar Kawu in an ce masa ga mota da gam. Amma da ya gane dalilin: alminiyum nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, zafin walda kuma yana raunana shi.

Wadda na fi sani da hannuna ita ce Mazda MX-5. Ta farko ta fito a 1989 da injin lita 1.6, nauyinta ƙasa da tan ɗaya, rufinta tampol ne da mutum zai tura baya da hannu yana zaune. Duk wanda ya shiga cikinta zai ji dokin ƙofar yana da tudu da faɗi, sai an ɗaga ƙafa. Mutane na ƙorafi a kai, ni kuwa ina ganinsa na san bashin rufi ne. Da ta kai zubi na uku a 2005 ta haura kilo 1,100, kuma da aka yi mata rufi mai tauri da ke naɗe kansa da lantarki, ya ƙara mata kusan kilo 40, ga moton lantarkin da ke naɗe shi, ga hannuwan ƙarfe. A 2015 suka dawo da ita baya da kusan kilo 100. Sun bi ta giram-giram, har notin taya suka mayar huɗu maimakon biyar.

Wannan na notin shi ne abin da mijin Gwaggo ba zai taɓa fahimta ba, don bayan rufi sai da ya koma neman a sa masa babban inji. Inji ba ya zuwa shi kaɗai. Babba yana son babbar giya, babban lagireto, birki mai faɗi, taya mai faɗi, tanki mai cin mai da yawa, sannan shasin da zai ɗauki duk wannan. Honda S2000 ta 1999, da injin lita 2 mai juyawa har 9,000 a minti, ta kai wajen kilo 1,250. Idan aka rage, haka ma yake bi: mota ta yi sauƙi, birki ya ƙanƙance, noti huɗu ya isa.

Doka ma tana da hannu. MGB ta Ingila ta fito a 1962 da siririyar bamba mai ƙyalli. A 1974, saboda ƙa'idar Amurka cewa bamba ta jure karo a gudun mil 5 a awa, aka ɗora mata baƙaƙen bambobin roba masu ƙarfe a ciki, aka kuma ɗaga ta daga ƙasa. Ni dai ban taɓa ganin kyansu ba. Daga baya ga jakar iska, ga sanduna a cikin ƙofa, ga ƙarfen kare kai idan mota ta kife. Wannan nauyin ba na jayayya da shi, na ga motocin da suka kife. A Japan kuma doka ce ta matse su: rukunin ƙananan motocinsu inji ba ya wuce cc 660, tsawo da faɗi duk an ƙayyade, shi ya sa Honda Beat da Suzuki Cappuccino na 1991 duk ba su kai kilo 800 ba.

Abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne, kwanakin baya ƙaramin ɗan mijin Gwaggo ya zauna yana koya mini cewa motar lantarki ba ta da inji, don haka dole ta fi sauƙi. Na ce masa Tesla Roadster ta 2008 daga tsarin Elise aka samo ta, amma batirinta kaɗai kusan kilo 450 ne, motar ta haura kilo 1,200, kuma ka duba inda ake ajiye batir a yawancin na yanzu, a ƙasa ne. Sai ya ce, "Yaya, ai mu a gidanmu mun gaji sanin mota, Baba har tasa ya mayar buɗaɗɗiya kafin wani ya lalata masa." Wani. Na ce ya je ya tambayi Gwaggo wa ya sa ƙofar motar nan ta koma rufuwa. Tana da ranta da hankalinta, kuma gefen da take zama ne ya fi maƙalewa.