Hutun lallaɓa aljihu a duwatsun Alps

Ƙanina da ke karatu a Jamus ne ya ja ra'ayinmu zuwa Tirol, a Ostiriya. Na ce wa maigidan, "Baban Ummi, kuɗin jirgi sun riga sun kwashe mu, saura sai dabara."

Watan Yuni muka je. Maimakon otel a Innsbruck, babban birnin Tirol, ɗaki mai kicin muka kama a wani ƙauye kusa, mai gidan ta ba mu katin baƙi, muna hawa bas kyauta. Daga Bauchi na ƙullo garin masara, kuka da daddawa. Kilishi kam sai haƙuri, ba a shiga Turai da nama. Cefane a Hofer, wani kanti mai rahusa, ya fi sauƙi, amma a yi shi tun Asabar, don ran Lahadi shaguna a rufe suke. Ruwan famfonsu daga duwatsu yake zuwa, sanyi ƙarara, ko kwabo ba mu kashe a ruwan roba ba.

Abin da ya ci kuɗi shi ne motar igiya mai hawa da mutane zuwa kan dutsen Hafelekar, sama da mita 2,200. Ummi ta ƙanƙame hijabina tana "Umma, kunnena ya toshe!" Sauran yawon a ƙafa muka yi, ga shanu da ƙararrawa a wuya. Magariba kuwa sai bayan ƙarfe 9, yara har sun yi barci.