Godiya bayan walimar saukar Baba Liman, daga kwamitin masallacin unguwarmu a Gadarif, ƙasar Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Muna miƙa godiya ga duk wanda ya tako da ƙafarsa, da wanda ya aiko, da wanda ya yi addu'a daga nesa, a walimar Juma'ar da ta wuce, ranar da Baba Liman ya sauka daga limancin salloli biyar da na Juma'a ya miƙa wa na'ibinsa. Baƙi sun zo daga Madani da Sinja da Kasala, a lokacin da kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana mutum zumunci. Dattawan Mai Wurno kuwa tasu godiyar daban ce. A garinsu, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa a bakin kogi bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, Malam, wato Baba Liman, ya yi karatun allo, kuma waɗanda suka zo ɗin tare suka sha hayaƙin wutar karatun dare. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

An yi ta tambayarmu dalilin saukar, tunda muryar Malam tana nan, haddarsa ba ta motsa ba. Babu wanda ya tsige shi, babu rigima. Gwiwa ce. Ya kai ba ya iya tsayuwa tsawon Fatiha ba tare da ya jingina ba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke kai, maganar da ta shahara ita ce wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu iya tsayuwa sallar farilla. Shi da kansa ya tara kwamiti ya faɗi wannan hukunci, ya ce ba zai riƙe mihirabi da sallar jama'a a cikin kokwanto ba. Mun so ya ƙara ko da azumi ɗaya ne, ya ƙi. Shi ne da gaskiya.

Godiya ga kafintan da ya haɗa masa kujerar salla bai karɓi ko sisi ba. Tunda yanzu kusan kowane masallaci akwai masu kujera, ga yadda aka tsara tasa. Malam yana yin kabbarar harama a tsaye sannan ya zauna, saboda haka ƙafafun kujerar na gaba suna bayan dugadugansa, jikin kujerar ya shiga sahu na biyu. Da a tsakiya aka sa ta, na bayansa ba zai sami wurin sujada ba, sahun ya karye. Shi ya sa aka kai ta ƙarshen sahun farko ta dama, jikin bango, aka bar gurbin bayanta. Wanda kuwa a zaune yake salla tun daga farko har sallama, kafaɗarsa ake daidaitawa da ta jama'a. A yi kujerar da ɗan tudu yadda tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai, a sa mata hannu biyu na dafawa, a liƙa roba a ƙafafunta. Farar kujerar roba ta kasuwa tana zamewa a kan tayil, kuma idan ta sha rana ƙafarta kan ɓalle babu gargaɗi. Nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa, kuma ba a ɗago matashi a kai wa goshi.

An miƙa wa sabon liman makullai, da littafin kuɗin masallaci, da takardun shagon wakafi, da akwatin kayan jana'iza, a gaban shaidu, kowa ya sa hannu. A lura, izinin ma'azun mai rubuta takardar aure daga kotu yake fitowa, ba ya bin limanci. Mai ɗaurin aure ya tambayi kwamiti tun da wuri, kada a tara jama'a a rasa mai rubutu.

Iyayenmu mata, sannunku da aiki. Tun daren Alhamis kuke bakin murhu, kisira da asida da miyar busasshiyar kuɓewa suka wadaci kowa. Yawancinku ku ne kuka riƙe tukunyar takiyya, wato girkin ciyar da jama'a kyauta, a harabar masallacin nan lokacin da mutane suka kwararo gudun yaƙi daga Madani a Disamba 2023, da kuma daga Sinja a tsakiyar 2024, Malam na rabon kwano da hannunsa. Samarinmu masu agashe (gasasshen nama irin tsire), da masu karo (amalanken jaki) da suka yi ta jigilar ruwa a ganga, Allah ya yi muku albarka.

Walima dai yini ɗaya ce. Abin da ya fi cin zaman kwamiti shi ne abin da zai biyo bayanta, domin limamin unguwa ba shi da fansho. Sadakar ɗaurin aure da ta suna da ɗan abin da ake miƙa wa liman bayan girbi duk mihirabi suke bi, ranar da mutum ya sauka sai su koma ga wanda ya hau.

Mun yanke cewa tallafin gidan Malam da hatsi za a ƙayyade shi, saboda tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 adadin jine, kuɗin Sudan, da aka rubuta yau ba ya sayen abin da aka yi niyya bayan wata uku. Manoman unguwa sun ɗauki buhu shida na dawa irin feterita, mai kilo 90, kowace shekara, a kawo lokacin girbi, Disamba zuwa Janairu, sa'ad da take araha. Masu riɗi za su ba da mai. Ana jera buhunan a kan katako, tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa da bango, a shanya hatsin ya bushe ƙarau kafin a ɗinke, in ba haka ba danshin damina da ƙwari su gama da shi kafin Agusta. 'Yan uwa na Jidda da Makka da suka yi alkawarin kuɗin magani, ku turo ta manhajar banki ta Bankak zuwa ga ma'ajin kwamiti, ku aiko da hoton shaidar turawa. Kada a bi ta hannun yaran gida.

Maganar magani tana buƙatar kulawa, kuma muna gode wa ma'aikaciyar jinyar unguwa da ta zauna ta koya wa iyali. Malam yana allurar insulin. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8 a firiji, nesa da sashen ƙanƙara, domin idan ta daskare ta lalace ko da ta narke. Wadda aka buɗe tana yin kamar kwana 28 matuƙar zafin wurin bai haura digiri 30 ba, ga shi a Afrilu Gadarif tana wuce 40, wuta kuma ba ta da tabbas. Sai aka sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, aka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, maganin yana cikin robar da ke rufuwa gam, an rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, a inuwa inda iska ke ratsawa. Ana zuba wa yashin ruwa safe da yamma. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalba. Insulin mai garau idan ta yi gauraye, ko aka ga gudaji a ciki, a zubar. Bayan alwala a goge tsakanin yatsun ƙafarsa, a duba ko akwai tsaga ko ƙurji, kada kuma ya taka ƙasa babu takalmi, saboda mai ciwon suga yana iya ƙonewa ko ya taka ƙaya bai ji ba. Masu zuwa gaisuwa da dabino da alewa, mun san ƙauna ce, amma ku kawo lemon tsami ko gyaɗa.

Samari sun yi gayya sun zuba tsakuwa daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar masallaci, suka daddaɓe, tsakiya ta fi gefe tudu don ruwa ya gangare. Kowa ya san baƙar ƙasar garin nan, ruwa ɗaya ya isa ta riƙe takalmin saurayi, balle dattijo mai sanda.

Godiyar da ta fi mana nauyi ta abokansa ce. Mutumin da ya saba jama'a na jiransa sau biyar a yini, idan aka wayi gari babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, kaɗaici na iya kayar da shi kafin ciwo. Tsohon ladaninmu, wanda suka tsufa tare, ya ce shi zai riƙa biyo masa asuba da magariba su taka tare. Dattawan majalisa sun mayar da zamansu na bayan la'asar zuwa rumfar ƙofar gidan Malam. Maƙwabcinsa Balarabe, mai shagon kayan masarufi, shi ya ɗauki nauyin jabana, wato gahawa, da citta, kofin Malam babu suga. A can ake musun farashin riɗi da tuna waɗanda suka riga mu, a can kuma ake ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ke kwance, don kada ya ji daga baya. Ɗalibai an raba musu kwanaki, biyu-biyu, mai raka shi asibiti da mai ɗebo ruwa.

Karatun tsakanin magariba da isha yana nan, a zaune ake yinsa. Sulhun ma'aurata da rabon gado ma ya ce a ci gaba da kawowa, amma da hantsi, ban da tsakar rana da bayan isha. Abin da muke roƙo, kuma shi ya fara roƙa, kada a kai masa ƙarar sabon liman. Wanda ya ga an tsawaita karatu ko an sauya lokacin iƙama, ya sami liman ko kwamiti. Malam ya faɗa a gaban jama'a cewa shi ma yanzu mamu ne, duk wanda ya kawo masa irin wannan magana zai tura shi inda ya dace.

Allah ya ƙara wa Baba Liman lafiya, ya karɓi hidimarsa, ya dafa wa wanda ya gaje shi, ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Akwai faranti da tabarmi na aro da ba a san masu su ba, suna ɗakin ladan. Jadawalin ɗalibai yana manne a jikin ƙofar masallaci, kuma ranar Talata da Laraba har yanzu babu suna. Mai iko ya rubuta nasa kafin Juma'a.

Kwamitin masallaci