Sirrin da aka ɓoye wa 'yan gida

Duk sa'ad da na ji gwamnati ta ce "batun tsaro ne, kowa ya ja bakinsa", sai Daniel Ellsberg ya faɗo mini a rai. Shi fa ɗan gida ne. A RAND yake aiki, wata cibiyar bincike da ke yi wa sojan Amurka nazari, kuma yana cikin 'yan tsirarun da aka yarda su karanta rahoton sirrin da sakataren tsaron Amurka, Robert McNamara, ya sa aka haɗa a 1967 kan yaƙin Biyetnam. Kundi 47, shafi wajen 7,000. A 1969 ya riƙa fita da shi kaɗan-kaɗan a jaka, ya kwana kan injin fotokwafi. Har 'ya'yansa sun taya shi, babban na kwafa, ƙaramar na yanke tambarin sirri da almakashi.

Rahoton ya nuna cewa tun daga zamanin shugaba Truman har na shugaba Johnson, abin da ake faɗa wa jama'a daban, abin da ake yi daban, har da ruwan bama-bamai a Laos. To wa aka ɓoye wa? Manomin Laos dai ba sai jarida ta gaya masa bam na sauka a gonarsa ba. Iyayen da ake kwashe wa 'ya'ya zuwa fagen daga, su aka bari a duhu.

New York Times ta fara bugawa ran 13 ga Yunin 1971. Gwamnatin Nixon ta garzaya kotu aka dakatar da ita, Washington Post ta ɗora. Ran 30 ga wata Kotun Ƙoli ta ba jaridun gaskiya, alƙalai 6 da 3.

Abin da ya fi burge ni, kundi huɗu da suka shafi tattaunawar sulhu Ellsberg bai ba jaridu ba, gudun kada ya ɓata ta. Shi kuwa Erwin Griswold, lauyan da ya tsaya wa gwamnati, a 1989 ya rubuta cewa bai taɓa ganin alamar barazana ga tsaron ƙasa daga bugawar ba.

Jaridu sun tsira, amma mai kwarmaton ɗaurin shekara 115 ya fuskanta. Sallamarsa a 1973 ma ba don kotu ta ce ya yi daidai ba ne, yaran Nixon ne suka fasa ofishin likitansa na ƙwaƙwalwa, shari'ar ta rushe. Dokar leƙen asirin 1917, wadda aka tuhume shi da ita, tana nan daram, kuma tana cikin waɗanda aka yanke wa Chelsea Manning, sojan Amurka mai kwarmata takardun sirri ga shafin WikiLeaks, shekara 35 da su a 2013.