Darussan da na koya wajen kai baƙi Tibati da Banyo

Wanda zai karɓi aikin shirya wa baƙi tafiya zuwa ƙananan garuruwan Adamawar Kamaru zai tarar da takardun kusan komai a cikin fayil, ban da yadda ake lissafin lokaci. Shi ne kuma ya fi cinye mana kuɗi da mutunci, don haka a kansa zan daɗe.

Tsakanin Tibati da Banyo kilomita 100 ne da 'yan kai. Mai zama a ofis a Yawunde zai buɗe taswira, ya ga babbar hanya mai lamba 6, ya rubuta awa biyu. Hanyar kuwa jar ƙasa ce. Da rani, da Hilux mai lafiya, a ba ta awa uku zuwa huɗu a sha ƙura. Damina a kan tudun Adamawa tana kamawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma a watannin Agusta da Satumba tafiyar nan tana iya cin yini, tana iya kwana. Manyan motoci masu dakon shanu da masara da siminti suna haƙa kwari biyu da tayoyinsu, ruwa ya cika su, tsakiya ta zama tudu. Ƙaramar mota in ta bi sawunsu sai cikinta ya hau tudun ta zauna, tayoyi huɗu suna juyawa a banza. In kuma tirela ta kafe a wuri mai ƙunci, babu mai wucewa sai an sauke kayanta buhu-buhu an jawo ta. Ga kuma shingen ruwa, ƙarfen nan da ake gindayawa a hana manyan motoci tafiya sai ƙasa ta tsane. Ƙaramar mota ana buɗe mata, amma in ka yi sake aka saki layin yana gabanka, bayansu za ka bi har inda Allah ya nufa.

Duk wannan sananne ne ga kowane yaron mota a tasha. Matsalar ita ce shugaban da bai taɓa tura mota a laka ba, kuma ba ya son a gaya masa. Zai sa ganawa a Banyo ƙarfe goma na safe alhali an kwana Tibati, ya kuma ɗora wani aiki da yamma a wani gari. In rana ta faɗi ana hanya, direba yana da zaɓi biyu. Ko ya tsaya ƙauye mafi kusa a kwana, ko ya shiga daji da dare, a yankin da kowa ya san labarin zargina, masu tare hanya da sace makiyaya don kuɗin fansa. In ya kwana, takardar tuhuma tana jiransa: ya ɓata jadawali, ya jawo kuɗin da ba a tsara ba. In ya yi kasada aka isa lafiya, shugaba ya samu hujja cewa lissafinsa daidai ne, gobe ma haka zai rubuta. An yanke wa direba kuɗin kwana saboda ya ƙi tuƙi bayan magariba da baƙi cike da mota, alhali dokar wurin aikin ita ce ta hana tuƙin dare. Har na bar kujerar ban ji an ba shi haƙuri ba.

Abin da ke kare mai shirya tafiya daga irin wannan shi ne rubutu. Kafin a tashi, a rubuta wa shugaba lokacin da hanya za ta ci na gaskiya da dalili, a ajiye kwafi. Magana ta baki a irin wannan wuri ba ta da shaida. Da damina a lissafa kilomita 20 zuwa 25 a awa a kan hanyar ƙasa. Zango ɗaya a rana. A kowace kwana uku ta tafiya a ƙara kwana ɗaya da kuɗinta, ko ba a yi amfani da ita ba. A tashi da an idar da asuba, a tsara isa kafin la'asar, domin ruwan yankin ya fi saukowa da yamma, kuma sauran awoyin hasken su ne na faci da tono. Sannan a nemi labarin hanya da daren da za a tashi, a tasha, wurin 'yan kamasho. Kada a ce musu "yaya hanya?", amsar kullum "lafiya lau" ce. A tambaya mota nawa ta iso yau daga Banyo, ƙarfe nawa ta taso, a ina ta tsaya. In aka ce wadda ta taso jiya ba ta iso ba, an gama magana.

Kayan mota ba a rage su don a samu wurin jakar baƙo. Safaya biyu, jak mai tsawo da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, shebur, adda, igiyar ja mai ƙarfi, famfon iska da kayan faci, filtar mai sabuwa, jarka biyu masu lita 20. Kafin a shiga laka ake sa giyar ƙafa huɗu, ba bayan an kafe ba. A rage iskar taya kamar kashi ɗaya cikin huɗu, a shiga da lamba biyu, a riƙe totur daidai, kada a canja giya a tsakiya. In ta zauna, a ɗauke ƙafa nan take. Direban da ya ci gaba da ba ta wuta rami yake haƙa mata, kuma kulocinsa yake ƙonawa. A ɗaga da jak, a tone tudun da ke ƙarƙashin cikinta, a cusa rassa da duwatsu a ƙarƙashin taya. Samarin ƙauye za su fito turi. A yi ciniki da babbansu kafin su taɓa motar, a ba shi kuɗin a gaban sauran. Gadar katako kuwa kowa ya sauka, mutum ɗaya ya taka ta da ƙafa ya duba, ya tsaya gaba yana nuna wa direba inda zai ɗora taya.

Mai a cika shi a duk gidan man da aka samu a buɗe, ko tanki rabi ne. A ƙauyuka fetur ɗin kwalba ne, wanda suke kira zuwa-zuwa, mai shigowa daga Najeriya, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 arharsa ta ragu. In dole ta sa, a zuba a farar kwalba a bar shi ya ɗan zauna, ruwa zai kwanta a ƙasa a gan shi, sannan a tace da ƙyalle.

Ga wanda ba shi da mota, jirgin ƙasan Camrail yana tashi Yawunde da yamma ya kwana yana tafiya zuwa Ngaundare, yana da ɗakunan kwana masu gado biyu da masu huɗu. Mai zuwa Tibati a Ngaundal yake sauka, daga nan akwai kwalta kusan kilomita 100. Motar haya sai ta cika take tashi, saboda haka ta farko da safe ita ce abin nema.

Darasi na biyu gaisuwa ce, kuma tana da tsari. Da isa gari a fara da jami'in gwamnati, prefe mai kula da yanki ko su-prefe mai kula da ƙaramin yanki, a nuna takardar aike a buga mata hatimi. Daga nan ofishin jandarma, sannan fada. Wanda ya tsallake wannan ya kama aiki, a rana ta biyu za a aiko masa, kuma yinin ya tafi. Tibati da Banyo masarautu ne masu Lamiɗo tun zamanin da suke bin Yola, kafin Jamusawa su ci Tibati a 1899. Bahaushe zai ji sarautun da ya sani a fadar, Galadima da Sarkin Fada da Alƙali da Liman, kada wannan ya sa shi sakin jiki. Ba a shiga kai tsaye. Ta hannun bafade ake neman iso, a cire takalmi tun daga zaure, ba a miƙa wa Lamiɗo hannu sai in shi ya miƙo, goron gaisuwa kuma ta hannun fadawa yake bi. A ƙauye haka ake yi wa jauro, wato mai gari, gwargwadon matsayinsa. A sa wa wannan zagaye rabin yini a cikin jadawali, a kuma kare shi in shugaba ya ce ɓata lokaci ne.

Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci na ofis. Hausa tana aiki wurin mahauta da 'yan tireda da malamai, kuma unguwar Hausawa ba ta rasa masauki da tuwo ga baƙo. Sai dai wanda ya tare a can bakin mutum ɗaya zai ji. Ƙasar ta Mbum ce da Bute da Gbaya da Tikar da Mambila tare da Fulani, kuma maganar gona da kiwo tana da zafi. Tafinta daga ɓangare ɗaya yana iya rufe maka ƙofar ɗaya ɓangaren ba ka sani ba. A ɗauki biyu in aikin ya shafi ƙasa ko shanu.

Takardu: Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka fasfo ake riƙewa, da katin allurar shawara. A yi kwafin fasfo a kai ofishin 'yan sanda a manna kan sarki a buga hatimi. Shi ake miƙawa a shinge, na ainihin ya zauna a jiki. Motar da ta shigo daga waje tana buƙatar takardar shiga ta duwan, wato kwastan, da inshorar yankin, katin nan mai ruwan hoda na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, domin na ECOWAS ba ya aiki a nan. A shinge a kashe rediyo, a sauke gilashi, mutum ɗaya ya yi magana. Kada a ɗauki hoton gada ko bariki ko madatsar ruwa ta Mbakawu.

Sefar Nijar da ta Kamaru darajarsu ɗaya, 655.957 a Yuro guda, amma bankuna biyu ne suke buga su, kuma mai shago a Tibati ba zai karɓi ta Nijar ba. A canja tun a birni. Takardar 10,000 ba ta sayen komai a ƙauye don babu canji. A farfasa ta zuwa 500 da 1,000 da 2,000, a kuma guji yagaggu. A riƙe layin MTN da na Orange duka, inda ɗaya ya ɗauke sau da yawa ɗayan yana nan. Kuɗin waya suna aiki a cikin gari, amma wakili yana iya cewa ba shi da tsaba, saboda haka kuɗin mai da na masauki a hannu suke tafiya.

Zazzaɓin cizon sauro shi ya fi kwantar da baƙi. Kowa da gidan sauronsa, kuma a jakar magani a sa abin gwajin jini na nan take da Coartem: babba ƙwaya huɗu sau biyu a rana har kwana uku, tare da abinci mai maiƙo. Mai amai da ba ya riƙe magani, ko wanda hankalinsa ya fara gushewa, asibiti za a nufa da shi ba jira; akwai na Ngawubela kusa da Tibati. Ruwan sha a tafasa ko a sa masa ƙwayar kulorin a jira minti 30. Mai gudawa a haɗa masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kada a yi wanka a tafki saboda tsargiya. Kayan da aka shanya a waje a goge su da dutsen guga mai zafi, akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa tsutsar ta shiga fata. A Disamba da Janairu a zo da bargo, daren tudun nan yana da sanyi sosai.

Ranar kasuwar kowane ƙauye a san ta kafin a sa taro, haka Juma'a da Lahadi. Kuɗin kwanan direba a ba shi a hannu kafin a tashi, har da na kwanar da aka ƙara.