Yadda na ja wa rasit ɗin kanti layi da umarnin firinta

A wani kantin kayan gini kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram, nake riƙe da kwamfuta. Manhajarmu ta lissafi tsohuwa ce, rubutu zalla take fitarwa, siminti da ƙarfe da farashi duk a cakuɗe. Alhaji ya ce mini, "Ɗana, ka yi wa kowane abu gidansa a takardar nan." Firintarmu HP LaserJet ce mai jin yaren PCL 5, don haka na shiga ba ta umarni kai tsaye.

Kowane umarni da harafin ESC yake farawa, wato lamba 27. Abu uku ake faɗa mata: inda za ta tsaya, girman akwatin da za ta zana, da abin da za ta cika shi da shi. ESC*p300x600Y ya kai ta wurin, kuma nan ne kusurwar akwatin ta sama daga hagu. ESC*c1800a90B ya ba da faɗi da tsayi a ma'aunin ɗigo, ɗigo 300 a inci ɗaya, kusan 118 ke nan a santimita. Sai ESC*c0P ya shafe shi da baƙi.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne layi ma akwati ne, siriri. Tsayi ɗigo 3, faɗi 1800, ga layi sambal. Huɗu irinsa suka kewaye mini takardar. Kuma bayan cikawa firintar ba ta gusawa daga inda take, sai an sake gaya mata sabon wuri, in ba haka ba ta zana wani kan wani.

Wajen inuwa na fi daɗewa. Ana sa lamba da G, sannan 2P. Daga 1 zuwa 100 ake rubutawa, amma mataki takwas kawai ne: 3 da 10 duhunsu ɗaya, 36 da 55 ma haka. Na gwada ESC*c45g2P a bayan kan rasit, na kai takardar bakin ƙofa cikin haske, sai ga kalmar "Jimla" ta nutse cikin ɗige-ɗige. Da na sauko zuwa 10 rubutu ya fito tas, tawada ma ta rage tafiya, wadda kowa ya san tsadarta a garin nan.

Akwai kuma zane shida, lamba 1 zuwa 6, da ake zaɓa da G a kira da 3P: kwance, tsaye, karkace biyu, raga biyu. Suna da kyau kamar saƙar tabarma, sai dai ban yarda a sa su ƙarƙashin lambar kuɗi ba, musamman takardar da za a yi wa fotokofi. Na bar raga ta 6 a gurbin da ba a so kowa ya ƙara adadi da biro, wurin sa hannun Alhaji kuma na share shi fari da 1P.